Taswira a Jikin Taga

A Hull, ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta.
Kicin ɗaya muke da Nik Rokiah,
tukunyarta na huci, tawa na jiran wuta,
tururi ya rufe taga ruf.

Na ce, wai ina ne Kelantan ɗin nan?
Ta goge hannu a gefen zani,
ta ɗora yatsa a gilashi.

Nan duwatsu, ta ce, kurmin da rana ba ta taka ƙasarsa.
Nan teku. Nan Tailan, muna jin carar zakarunsu.
Ta ja kogi daga ƙasa zuwa sama:
namu arewa yake gudu,
launin shayi mai madara,
ya ratsa gonakin roba, ya faɗa fadamun shinkafa
inda ɓauna ke jan garma,
balbela a gadon bayanta.

Na ce, ɓauna? Tamu sai maharbi.
Ta yi dariya har ludayi ya faɗi.

Gidan kakarta a kan ƙafafu yake tsaye,
kaji a ƙarƙashi, kwalekwale ɗaure a turke,
don ruwan ƙarshen shekara
ba ya sallama.
A jikin kwakwa ake masa tsaga:
nan ya tsaya shekarar da aka haife ni,
nan kuma shekarar da ya tafi da keken ɗinkin Inna.

Na yi shiru. Na san wannan ruwan.
A Auyo ma ya taɓa kwana ɗakinmu.

Bayan girbi, maza su saki wata na takarda sama,
ya kwana yana gurnani a kan karmami.
Kasuwa kuwa ta mata ce,
lalita a ƙugunsu take.

Ta buɗe kwalba, wari ya mare ni.
Budu, ta ce: ƙananan kifi da gishiri, wata shida a tulu.
Na zaro daddawata daga ƙuryar kabad
inda nake ɓoye ta saboda mai gidan haya.
Muka shinshina ta juna.
Ba wadda ta yatsine fuska.

Ta zubo min shinkafa shuɗiya,
fure ne ya rina ta, ba baba ba.
Muka ci da hannu, a tsaye.

Kafin mu suɗe, taswira ta fara zuba.
Teku ya gangaro kan gonaki,
ya cinye kasuwa, ya nufi duwatsu.
Ta tsaya da loma a hannu.
Ai Disamba ce, ta ce.
Bari in kira gida.