Gurnanin da Na Saya

Amfilifayata mai kwalba shida ce, baƙa wuluk,
gwanjon Kwatano, sau uku na biya kafin ta zama tawa.
In na murɗa kunnenta ya wuce bakwai
tagogin Gwammaja sai su hau karkarwa,
Inna Ladiyo ta aiko jikanta:
wai ko injin niƙa na girka a soro?

Ƙarfi kam tana da shi.
Kiɗan nan da muke kira metal,
wanda jita ke haushi kamar an taka jelar kare,
ta iya shi sarai.
Sai dai can ƙasan muryarta fayau ne,
tsawa ce ba ruwa.

Ran Talata bayan la'asar,
a Faransa Rod, shagon Tanimu mai dalma,
na iske tsoho zaune kan wani akwati,
fata ta saɓule, ɓera ya ci kusurwa.
Baba Bitrus. An ce yana kaɗawa a otal-otal
tun Bata na sayar da takalma.

Tanimu ya ja janareto, ya jera su kafaɗa da kafaɗa.
Muka jira kwalabe su yi ja
kamar garwashin mai tsire.
Na soma da tawa. Ta kurma ihu,
masu gyaran waya suka leƙo,
ɗan sahu ya tsaya da fasinja a ciki.

Na zare igiya na soka a tasa.
Kwalba biyu rak.
Tsirkiya ɗaya na taɓa.
Ba ta yi ihu ba, gurnani ta yi,
daga ƙirji,
kamar tsohuwar roka ta ɗauko albasa tana hawan tudu,
kowane sauti da ɗan ƙuna a gindinsa,
ƙanzon tukunya, wanda ya fi tuwon daɗi.

Na ce, Baba, furfure.
Ya ce, albarka.
Na ce, da cikon dubu arba'in.
Ya ƙirga kunnuwan tawa, goma sha ɗaya,
ya ce, duk waɗannan me suke ji?
Sai da aka kira magariba ya miƙo hannu.
Yadda ka same ta haka za ka riƙe ta, ɗana,
kar ka yi mata gata.
Tanimu ya karɓi la'adarsa yana kallon ƙasa.

A gida na kwance bayanta.
Gidan zanzaro. Ƙura ta shekaru.
Takardar lasifika a yage, tsawon ɗan yatsa,
an liƙe da jan farce.
Kwalba guda ta yi baƙi kamar ta fitilar ƙwai.
Na ce, ashe da ciwo take wannan murya,
ina ga ta warke?

Sabuwar lasifika, sababbin kwalabe.
Kuɗin hayar wata biyu.
Tanimu ya ɗaura bai ce uffan ba,
tsohuwar takarda ta bi bola.

Na kunna.
Garau.
Tas, kamar mai karanta sanarwar ɗaurin aure a rediyo.
Na murɗa, na daka, na lallaɓa,
roka ta sauke kaya ta tafi.

Na koma neman Baba, aka ce ya wuce Kafanchan.
Tawa kuwa ya sayar.
Na ji ta jiya a 'Yankura, ko cikin barci na san muryarta,
tana tallar maganin basir,
kwalba shida, tsakaninta da Allah.

Yanzu dare ya raba, an kawo wuta.
Kwalabe biyu sun yi ja, suna kallona.
Ga reza a hannuna, ga sabuwar takarda sumul.
Na san tsawon yagar, na san gefen da take.
Abin da ban sani ba,
wace shekara ce ta fara ta,
a wane otal,
ana tsakiyar wace waƙa.