Teburin Baba Labaran a Alabar

A Alabar, inda motocin haya ke tari kafin su hau tudu,
akwai tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce.
Nan Baba Labaran ke sayar da littattafan
da masu su suka gaji da su,
ko suka mutu suka bari.

Na ce, Baba, tarihi nake so.
Ya leƙo ni ta saman tabarau:
Wanne? Wanda ya faru,
ko wanda aka zauna aka ƙaga?
Duk suna nan, kuɗinsu ɗaya.

Ya ciro wani mai kauri, bangonsa ya sha hannu.
Fara da wannan, Barikisu, na fatake ne.
Ya ƙirga jakuna tun daga Kano har Salaga,
ya san kuɗin fito a bakin kogi,
ya san huhun goro nawa ya ruɓe a shekarar da ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Ba gishiri, ba yaji.
Karanta shi da safe, bayan koko,
kafin hayaniyar Kejetiya ta cika miki kai.

Sai wani siriri mai warin kananzir.
Wannan na dare ne.
Mai kaurin ya ce, ayarin yana da wata mai dafa abinci,
ya wuce abinsa.
Wannan kuwa ya tsaya a kanta,
ya ba ta suna, ya ba ta kaushi a diddige,
da yaro guda da ta bari a Yandi da alkawarin wata uku.
Ƙarya ce tsagwaronta.
Amma in kin kai shafi na saba'in
za ki ajiye, ki je ki sha ruwa.

Ga na wani sojan Turawa
da ya ga garin nan yana ci da wuta,
ya fi damuwa da sauron da ya cije shi.
Kar ki ƙi shi.
Saurare shi yadda kike sauraron dillali:
kunne a bakinsa, ido a aljihunsa.

Na ɗora hannu a kan wani mai fatar akuya,
ya buge mini yatsu.
Kundin bashin kakana ne, da ajami.
Akosuwa, huhu biyu, ta biya.
Tanko Bagobiri, huhu tara, an ja layi,
ban sani ba ko biya ya yi ko rasuwa.
Ba na sayarwa ba ne. In kina so, zo ki zauna nan ki duba.

Daren nan a Aboabo aka ɗauke wuta.
Na bi mai dafa abinci da fitilar waya
har ta hango rufin Yandi,
sai takarda ta ƙare.
Babu ƙarshe. Ramuka ne kawai da garin ƙasa.

Da sassafe na koma da fushina.
Bai ko ɗago kai ba, yana ɓare goro:
Gara ta riga ki karantawa.
Na ce, to ta sami yaron?
Ya ce, shekara goma sha ɗaya ina tambaya.
Ya mayar mini da sidi biyu,
ya ɗora biro a kai.