Kanta ta Ƙasa

A Balparaiso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a gefen dutse,
akwai wani shago ƙarƙashin matakala,
ƙofarsa shuɗiya, fentin ya soma ɓarewa.
Ermelinda ce da shi,
tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare.

Na shiga neman littafin da gari ke ta zancensa.
Ta nuna sama da haɓa: "Ga shi can, guda tara.
Wannan yana da ƙafafunsa, ba ya bukatar bakina.
Durƙusa, ɗana.
Na kirki suna kanta ta ƙasa,
inda gwiwa ke biyan kuɗin shiga."

Na durƙusa. Ƙura ta gaishe ni da atishawa.

Na farko siriri ne, bango ruwan toka.
Wani mai gadin fitilar teku ya rubuta shi
can kudu, inda iska ba ta san hutun Lahadi ba.
Shekara goma sha ɗaya yana lissafi:
jiragen ruwa, man fitila,
ranakun da bai ji muryar mutum ba.
A shafi na sittin ya bar ƙirga jirage,
ya koma jiran wani tsuntsu mai gurguwar ƙafa.
"Ranar da tsuntsun bai zo ba," in ji ta,
"layi ɗaya tak ya rubuta.
Ba zan faɗa maka ba. Wanda ya sha ruwan rijiya
ya fi wanda aka ba labarin sanyinta."

Na biyu littafin girki ne, ko haka yake da'awa.
Wata ungozoma a garin masu haƙar tagulla
ta jera miya arba'in,
kowace da sunan jaririn da ta karɓa
a daren da ta dafa ta.
Miyar kabewa, Fidelina. Romon kifi, tagwaye.
Ta shafi na ashirin babu gishiri a cikinta,
kuma ba mantuwa ba ce.

Na miƙa hannu ga na uku, ta riƙe mini wuyan hannu.
"Wannan aro ne, ba na sayarwa ba.
Kwafi hamsin aka buga, damina ta ci talatin.
Ruperto ne ya rubuta,
mai jan keken ƙarfe da ke hawa da mutane tudu.
Shekara talatin yana sama yana ƙasa
a hanya ɗaya, mai tsawon tari biyu,
yana tsintar rabin maganganun fasinjoji,
da dare ya ƙarasa musu.
Duk Alhamis yakan leƙo.
Ba ya tambaya. Sai ya duba kanta.
In ya ga gurbin babu komai,
sai ya gyara hula, ya sayi jarida, ya fita yana fito."

Ranar Laraba ce.
Na fahimci abin da ake nema a wurina.

A kan matakala na karanta shi,
kare na barci a ƙafata, teku na ta aikinsa.
Wata mata a ciki ta ce, "Da na san zai dawo…"
Ruperto ya ba ta shafi bakwai,
da gida, da tukunyar shayi, da wanda ya dawo ɗin.

Na mayar ranar Juma'a, kamar yadda ta ce.

To, kai mai tambayata me za ka karanta,
ba ni da jerin sunaye, ka yi haƙuri.
Biyun suna gidana, gefensu duk ya lanƙwashe.
Na ukun kuwa sai ka je da ƙafarka,
ka je ranar Laraba,
ka sa wandon da ba ka jin tausayin gwiwarsa.