Gwajin Kunne

Ajuji ya ba ni su uku, aro,
ya ce ran Laraba in mai da biyu,
ɗayan kuma in zo da kuɗinsa.
Amfilifaya ne na aljihu,
kowanne bai fi kwalin ashana biyu ba.
Na naɗe su a hula tun daga Wunti,
ina tafe da su kamar ƙwan zabi.

Sai da yara suka kwanta,
janaretan maƙwabci ya yi tari ya mutu,
Fadaman Mada ta yi tsit,
sannan na jona waya, na kifa hedifon a ka.

Waƙa ɗaya zan auna su da ita,
kuma ba ta kasuwa ba ce.
Babana ne da garayarsa a zaure,
shekarar da aka haife ni.
Wani ƙaninsa ya ɗauka a kaset,
ni na juye ta a waya kafin zaren ya ruɓe.

Na fari baƙi ne, mai cika tafin hannu.
Ina murza shi ƙasa ta motsa.
Ya kumbura garayar ta zama randa,
ya ba tsoho muryar wani ƙato mai tumbi
wanda bai taɓa kwana da yunwa ba.
Daɗi kam akwai, irin na miyar da mai ya yi wa yawa.
Amma babana siriri ne,
tela ne, mai magana da allura a leɓe.
Ban gane shi ba. Na zare.

Na biyu fari, ɗan gaye, har da fitila shuɗiya.
Shi kuwa tsini gare shi.
Kowace tsirkiya ya wasa ta kamar aska,
ya jawo hucin kaset ɗin gaba
har ya koma ruwan Agusta kan kwano.
Kafin waƙar ta kai rabi
haƙorana sun mutu kamar na ci ɗanyen mangwaro.
Ga shan caji, sai ka ce motar yashi da mai.

Na ukun ko Ajuji bai yabe shi ba.
Na hannu ne, fentinsa ya goge a gefe,
wani malami a Yalwa ya sayar da zai bar gari.
Na kunna, na ce ko bai kama ba ne?
Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba.
Ƙofar zauren kawai ya buɗe
ya koma gefe ya tsaya.

Sai ga tabarma na ƙara in tsoho ya gyara zama.
Ga numfashin da yake ja kafin ya ɗauko baiti.
Ga inda yatsa ya kuɓuce masa,
ya ja tsaki ƙasa-ƙasa, ya sake.
Shekara ashirin ina jin waƙar nan
ban san da tsakin ba.

Can kuma ta hagu, bayan katanga,
taɓarya ta tsaya.
Wata murya ta ce,
"Malam, a sassauta, yaron ya samu barci."

Inna ce.
Yaron ni ne.

Nan ne fa sautin ke faɗuwa kullum,
nan nake zagin kaset,
ina cewa zafi ya cinye zaren.
Ashe zare lafiyarsa ƙalau.
Hannu ne aka sassauta don kada in farka.

Na maimaita wurin sau goma sha ɗaya.
Ladanin asalatu ne ya raba mu.

Ran Laraba Ajuji ya juya kwalin baƙin,
yana karanta mini lambobin bayansa,
wai ƙarfinsa ya ninka na tsohon sau uku,
wai na tsohon batirinsa awa huɗu ne, ya kwanta.
Na ce awa huɗu ta yi mini yawa,
waƙar minti shida ce.

Ya dube ni, ya dubi gogaggen fentin,
ya ce, "To me ka ji a ciki?"
Na ƙirga masa rabi,
na ce sauran sai wata ya mutu.