Oho

Ni ne tafinta.
Kujerata ba ta da majingini,
tana tsakanin akwatin wanda ake tuhuma da teburin alƙali,
daidai inda iskar fanka ba ta kaiwa.
Shekara goma sha ɗaya a Birnin Kebbi
ina ɗebo magana daga bakin wani
ina zubawa a kunnen wani,
kullum sai wani abu ya tsiyaye a hanya.

Ranar Talata aka kawo Hamani,
Bazabarme daga wajen Kamba,
ɗan ƙodago, mai yankan shinkafa a fadamar Suru.
An tare motarsu a shingen Bunza.
Fasinja goma sha huɗu,
shi kaɗai aka ce ya sauko,
don da aka yi masa tambaya Hausarsa ta yi ɗingishi.
A aljihunsa ɓarin goro,
naira ɗari bakwai,
da tiramol ƙwaya tara a ƙullin leda,
abin da yake haɗiya da asuba
don ƙugu ya yarda ya sunkuya har la'asar.

Wata bakwai ya yi yana jiran wannan safiya.
Lauyan da aka ba shi kyauta ya iso kan kabu-kabu,
takardun mutum arba'in a hammata,
sau biyu yana kiransa Hamza.
Ba mugu ba ne. Gajiya ce.
Ya ce mini: gaya masa ya amsa, a taƙaita wahala.

Na tambaye shi da harshen uwarsa,
ka amsa laifinka?
Ya dubi ƙasa, ya ce, oho.

A Zabarmanci, oho na nufin i,
i ta mai ladabi, wadda ake ba babba.
A Hausa kuwa kun san ta,
ɗaga kafaɗa ce, ko a jikina.
Alƙali ya cire tabarau.
Kotu ya ce wa oho?
Na miƙe na yi bayani, muryata na rawa,
magatakarda ya rubuta,
amma fuskar da ta ɗaure ba ta kwance ba.
Shekara uku, babu zaɓin tara.

Ranar Alhamis aka kira Mahir.
Ubansa ne mai injin casa a hanyar Argungu,
wataƙila shinkafar da Hamani ya yanka
can ta je ta yi fari.
Katan shida na kodin a bayan mota.
Bai san warin bokitin gidan yari ba,
beli ya tarye shi tun a ƙofa.
Lauyoyi uku, turarensu ya riga su shigowa.
Ba a neme ni ba ranar,
Turanci ya gaisa da Turanci.
Aka ce ɗalibi ne, aka ce ƙuruciya,
aka ce mara lafiya magani yake so, ba mari ba.
Tara. An biya ta waya kafin a kira azahar.

Ban ce kada a tausaya masa ba.
Shi ma ɗa ne, hannunsa na rawa.
Na dai lura tausayi ya san hanyar wasu gidaje,
wasu kuwa sai da kwatance,
kwatancen ma da Turanci.

Da na fito na tarar da Gambi, uwar Hamani,
a gindin dogon yaro.
Ta makara da kwana biyu, kuɗin mota ne bai cika ba.
Ta riƙo masa dambu a kwanon sha, an ɗaure da ɗankwali.
Na gaya mata shekarun, ta ƙirga a yatsu,
ta ce damina uku ke nan.
Sai ta kama bakin rigata:
kai da kake jin bakinsu,
gaskiya aka yi masa?

Harshe uku ne a bakina,
duk suka noƙe.
Na ce, oho.

Ta saki rigar, ta ce to alhamdulillahi.
Ita da Zabarmanci ta ji.
Ni da Hausa na faɗa.