Abin da Ban Sa a Littafin Taro Ba

Mu tara ne a bene, saman shagon Alhaji Ilu,
Kantin Kwari na tafasa a ƙarƙashinmu,
'yan dako na ihun a ba su hanya.
An ɗauke wuta tun azahar, fanka ta yi tsit.
Ni ne sakatare.
Biro da littafi nawa ne, baki na masu jari.

Magana ɗaya ta tara mu:
kuɗin asusu, gumin shekara uku,
a zuba su kaf a kwantenar shadda,
ko a dakata?

Nafi'u ya ɗaga wayarsa kamar mai ba da shaida.
Ya ce dala ta hau da hantsi, gobe ma hawa za ta yi,
ga lissafi, ga jadawali,
da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Hajiya Uwani ba ta ko dubi wayar ba.
Ta ce, lissafin naka ya san ranar da jirgi zai iso Legas?
Ya san wanda zai kwana lafiya a ofis
ya wayi gari da sabon haraji?
Ya san launin da matan Fagge za su nema nan da wata biyar?
Bara mun rantse da ruwan toka,
suka zo suna tambayar ruwan goro.

Shayi ya huce a kofuna.
Alhaji Ilu na jan carbi, yana ƙirga wani abu daban.

Sai ga Baba Tanimu mai gadi,
wanda sunansa ba ya cikin kwamiti,
ya hau karɓar makullin sito.
Daga bakin ƙofa ya ce, ku gafarce ni,
kwatar baya ta toshe da leda,
kuma kwana uku ke nan tururuwa na hawa bango da ƙwansu.
In kayan sun zo tsakiyar damina,
a ina za su kwana?

Awa biyu muna gardamar teku da dala,
babu wanda ya leƙa ƙasan ƙafarsa.

Aka kasa kuɗin uku, ba daidai ba:
kaso babba a saro rabin kwantena da 'yan layin gaba,
kaɗan a ɗaga daɓen sito, a yashe kwata,
sauran ya zauna, ya zama numfashi.
Hajiya ta ce a rubuta tun yanzu
abin da in mun gani za mu sauya shawara,
kada girman kai ya riƙe mana linzami ranar.
Hannu biyar sama, huɗu a cinya.
Nafi'u ya sauka bene bai yi sallama ba,
kuma wallahi zai iya yiwuwa shi ke da gaskiya.

Na rubuta: An amince.
Ban sa tururuwa ba, babu gurbinsu a tsarin littafi.

A adaidaita sahu, wajen Ƙofar Mata,
na sake buɗe shafin mahalarta.
Tara sun sa hannu.
Gobe, wadda dominta aka yi zaman,
ba ta zo ba, ba ta aiko da uzuri ba.
Gabas ta ɗan yi duhu.
Ko hadari ne, ko hayaƙin janareto,
daga inda nake zaune ba na iya rantsewa.