Kwanan Aiki a Bakin Korle

Ƙarfe tara nake kama aiki,
sa'ad da masu wake da shinkafa ke kife tukwane a Nima.
Abin da Ankara ta zubar ta kau da kai
ni yake tararwa, a bakin rariyar ƙarfe.
Ina da manjagara, ina da tocila.
Daren jiya na tsamo leda buhu uku,
da murfin kwalba, da ƙwayar carbi,
da takalmin jariri, ƙafar hagu.
Na ɗauraye shi, na ajiye kan katanga, ban san don wa ba.

Mahaifina, Gariba, tanka ya tuƙa shekara ashirin.
Ya kwashe masan Sabon Zango, ya gangaro nan,
ya juya wa teku baya, ya buɗe famfo.
Ba mugu ba ne. Wurin da aka nuna masa ke nan.
Ataa Kwei masunci ya sha zaginsa da Gāanci,
shi kuwa ya rama da Hausa,
har suka saba, suna aika wa juna naman Salla da busasshen kifi.

Yanzu tankokin layi suke yi a ƙofarmu.
Ruwa ya shigo baƙi, da fushinsa,
mu zaunar da shi kamar baƙon da ya sha hanya
har nauyin cikinsa ya kwanta.
A tafki na gaba akwai ma'aikatan da ido bai gani.
Fuseina ta ɗakin gwaji ta nuna min su a madubi:
ƙanana, masu rawar jiki, ba albashi, ba yajin aiki,
iska kawai suke roƙo.
In an ɗauke wuta, da gudu nake tada janareto,
don na taɓa jin warin mutuwarsu.

Laka mu shanya ta, ta bushe, ta koma taki.
Wani mai lambu ya ɗiba a keke,
ya dawo min da latas. Matata ta ƙi ci,
ni na ci.
Har yau a zaure take aje min bokiti da sabulu,
ban taɓa cewa don me ba.

Na tambayi Malam Issaka: ruwan da muka wanke, ya yi tsarki?
Ya ce, launinsa fa? Na ce garau.
Warinsa? Na ce babu.
Ɗanɗano? Na ce, Malam, nan ban kai ba.
Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce zai duba littafi.

Kada in cika baki.
Odo tana nan tana kwararo nata, ba ta biyo ta wurinmu,
in damina ta sauka, abin da muka tare
bai fi cikin cokali ba.
Amma da asuba, in na wanke hannu,
nakan leƙa bakin bututun da muke sallamar ruwa.
Shekaranjiya na ga ƙaguwa biyu a gindinsa,
da balbela tsaye da ƙafa ɗaya.
Jikan Ataa Kwei na tura kwalekwale,
ya ɗaga min hannu.
Bai san ɗan wa nake ba.